Murjanin tankina ya yi fari bayan ɗauke wuta: ya mutu ne ko akwai sauran rai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, kuma wata tara ke nan da na kafa tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 250 a falona. A ciki akwai kifi biyu masu ratsin lemo da fari, da murjani iri biyar: Euphyllia mai kai biyar, da reshen Acropora, da faifan Montipora, da wani dutse da Zoanthus suka lulluɓe, da wani mai laushi kamar fata da ake kira Sarcophyton. A makon jiya, cikin tsananin zafin Afrilu, aka ɗauke wuta tun bayan isha'i har hantsi, inbata kuma ta mutu da tsakar dare. Da na farka, ma'aunin zafi yana nuna digiri 31. Na ga ruwan ya ragu, sai na cika shi da ruwan gishirin da na haɗa, kamar yadda na saba, na kuma zuba garin ƙara alkaliniti, wato kabonet ɗin ruwa da murjani ke gina ƙashi da shi, babban cokali biyu a lokaci guda don in taimake su. Yau kwana huɗu ke nan: Acropora ya yi fari daga sama, kai ɗaya na Euphyllia ya rufe da wani yauƙi mai ruwan ƙasa mai wari, Sarcophyton ya tsuke yana sheƙi, Zoanthus sun ƙi buɗewa. Wani ya ce in zuba maganin kifi mai launin shuɗi, wani ya ce in canja ruwan gaba ɗaya. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai ka ajiye kwalbar maganin nan mai shuɗi nesa da tankin, ka kuma bar batun zubar da ruwan gaba ɗaya. A cikin alamomi huɗun da ka lissafa, ɗaya ce tak take buƙatar ka tashi tsaye yau kafin faɗuwar rana, wato yauƙin da ke kan Euphyllia. Sauran ukun haƙuri suke buƙata da gyara sannu a hankali, kuma idan aka yi musu gaggawa, gaggawar ce za ta ƙarasa abin da zafi ya fara. Jinyar murjani duka ta rataya ne a kan iya bambance abin da ake yi wa hanzari da abin da ake yi wa haƙuri, saboda haka zan ɗan tsaya in bayyana abin da ya same su a daren nan, domin ka san dalilin kowane mataki kada ka bi shi ido rufe.

Mu a ƙasar Hausa mun fi sanin murjani a wuyan amare, jan dutsen adon nan da sunansa ya zo a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Wancan ƙashin wani nau'i ne da ke rayuwa a Bahar Rum, an goge shi an huda. Wanda ke tankinka ɗan'uwansa ne na nesa, kuma dabba ce mai rai. Kowane reshe tarin ƙananan dabbobi ne, kowace da bakinta da 'yan yatsun da suka kewaye bakin, suna zaune a kan ƙashin da suke ginawa da kansu daga kalsiyam da kabonet ɗin da ke narke a ruwa. A cikin tsokarsu akwai ƙwayoyin gansakuka masu ƙanƙanta ƙwarai, waɗanda masana ke kira zuzanteli, su ne suke haɗa abinci da hasken rana su ciyar da mai masaukinsu, wani lokaci har kashi 90 cikin 100 na abin da yake buƙata, kuma su ne suke ba shi mafi yawan launinsa na ruwan ƙasa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, musamman ga haske mai ƙarfi, aikin gansakukar nan yakan lalace ta fara fitar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, sai murjanin ya kore ta daga jikinsa. Tsokar da ta rage garai take kamar gilashi, farin ƙashi yana bayyana ta cikinta. Wannan shi ne ƙoɗewar da ake ji a labarai, wadda ta game tekunan duniya a 1998 da 2010 da tsakanin 2014 zuwa 2017, kuma hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar da karo na huɗu a watan Afrilun 2024. A teku, digiri ɗaya kacal sama da zafin da wuri ya saba da shi a lokacin bazara, idan ya ɗore makonni, ya isa ya jawo haka. Tankinka ya haura da wajen digiri biyar a dare ɗaya.

Wanda ya taɓa zuwa Jidda ko Fot Sudan zai iya cewa ai ruwan Bahar Maliya yakan wuce digiri 30 da bazara, ga shi kuma cike da murjani. Haka ne, amma wannan murjanin ya yi dubban shekaru yana sabawa da muhallinsa, zafin kuma yana hawa ne cikin watanni, igiyar ruwa tana kaɗawa dare da rana. Mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwar masu kiwon murjani daga Indunisiya da Ostareliya yake fitowa, ko daga tankunan masu renonsa, inda aka saba masa da digiri 24 zuwa 26.

A ganina ma tsayawar famfo ta fi zafin ɓarna a daren. Murjani ba ya iya motsawa, ruwan da ke wucewa ta kansa shi ne yake kawo masa iskar oksijin ya kuma kwashe masa ƙazanta. Da dare babu haɗa abinci da haske, don haka murjani da kifi da bakteriyar da ke cikin duwatsu duk shaƙar iska suke yi, ga shi ruwan zafi bai riƙe oksijin kamar mai sanyi. Idan ruwa ya tsaya cik na awoyi, siririn ruwan da ke manne da jikin murjanin yakan ƙare da iska tun kafin kifi ya fara haki. Kai mai kaurin tsoka irin na Euphyllia shi ne yakan fara shaƙewa, wani ɓangarensa ya mutu, daga nan ruɓa ta samu ƙofar shiga.

To, ga aikin yau. Yauƙin nan mai ruwan ƙasa cakuɗe ne na ruɓaɓɓiyar tsoka da bakteriya da wasu ƙananan halittu masu gashi-gashi a jiki da ake gani cunkus idan an duba shi a madubin ɗakin gwaji. Yakan cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu, ya tsallaka zuwa na kusa da shi, kuma idan famfo ya watsa shi yakan sauka a kan wani murjanin. Ka tanadi roba uku masu tsabta waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, ka ɗebi ruwan tankin a cikin kowace, ka sa safar hannu da tabarau. Ka kashe famfunan duka, sannan ka zuƙe yauƙin da siririn tiyo ko babban sirinji a hankali yadda ba zai tarwatse ba, ka zubar a waje. Bayan haka ka ciro murjanin gaba ɗaya zuwa roba ta farko. Idan Euphyllia ɗinka mai rassa ne, kowane kai da nasa ƙashin, ka datse reshen da ya kamu daga can ƙasa inda babu tsoka, da ƙaramin zarto ko almakashin yanke ƙashi, ka jefar da shi ko da ka ga sauran tsoka mai launi a gefensa. Na san yana da ciwo mutum ya yar da kan da ya yi wata tara yana reno. Ni ma na taɓa barin irin wannan kai ya kwana, ina fatan zai farfaɗo, da gari ya waye uku ne suka narke, tun daga ranar ban ƙara jinkirta wannan yankan ba.

Kawunan da suka rage ka sunsuna su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayye ƙanshin teku yake yi, wanda ya fara ruɓa kuwa hanci ba ya ɓatansa. Masu lafiyar ka tsoma su a roba ta biyu wadda ka ɗiga wa ruwan aidin irin wanda ake sayarwa musamman domin tsoma murjani, gwargwadon adadin da aka rubuta a jikin kwalbar, na minti biyar zuwa goma, kana ɗan fesa musu ruwan da sirinji domin ya shiga tsakanin tsoka da ƙashi. Ka ɗauraye su a roba ta uku, ka mayar da su wurin da haske bai yi ƙarfi ba kuma ruwa yana kaɗa yatsunsu a hankali ba tare da ya manna su da ƙashi ba, domin ƙashin Euphyllia yana da kaifi kamar reza, ruwa mai ƙarfi yakan sa ya yanke tsokarsa da kansa. Ruwan robobin uku kada ɗigo ɗaya ya koma tanki. Idan kana da ƙaramin tanki na killacewa mai famfo da zafi daidai, can ya fi dacewa su yi mako guda. Ka duba su safe da yamma, idan yauƙin ya sake bayyana a wani kai, ka maimaita aikin nan take.

Batun Acropora kuwa, fari iri uku ne, kuma kowane da hukuncinsa. Ka jira awa ɗaya ko biyu bayan an kashe fitilar tanki, ka ɗauki ƙaramar tocila ka haska reshen daga gefe, ka kawo idonka dab da gilashi. Idan ka ga farin yana da santsi, kamar an shafa masa siririyar fata, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi ko kore mai haske, kuma 'yan yatsu suna leƙowa daga ƙananan ramukan, to ƙoɗewa ce, dabbar tana raye, yunwa ce kawai ke barazana gare ta. Idan farin ya tsaya a kan tsinin rassa kaɗai, ƙashi a fili mai kaushi, sauran jikin da launinsa, wannan ƙunar alkaliniti ce, kuma ina kyautata zaton cokali biyun nan suna da hannu a ciki. Idan kuwa ka ga iyaka a fili tsakanin tsoka mai launi da ƙashi tsirara, tsokar tana saɓulewa kamar tsumma idan ruwa ya kaɗa ta, kuma iyakar tana matsawa, wannan zubewar tsoka ce. Akwai mai sauri wadda ke tuɓe reshe duka cikin yini ɗaya, akwai mai tafiyar hawainiya wadda yawanci daga gindi take farawa ta yi makonni. Ka ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya safe da yamma, domin ido yakan ruɗi mai jinya, amma hoto biyu a jere suna nuna ko iyakar ta motsa. Wata alama kuma ita ce, ƙashin da ya mutu yakan fara yin kore-kore ko ruwan ƙasa cikin mako guda saboda gansakukar waje ta hau shi, mai rai kuwa yana nan fari tas.

Idan zubewar tsoka ce kuma tana tafiya, ta koma sahun abin gaggawa: ka karya rassan da ke da lafiya, santimita ɗaya ko biyu sama da iyakar, ka manna kowane a kan ɗan dutse da sufa-gulu mai kauri, ka rarraba su wurare daban-daban, gindin kuma ka fitar da shi. Idan ƙoɗewa ce, kada ka karya komai, kada ka tsoma shi a aidin, kada ka yi ta ɗaga shi daga nan zuwa can. Ka rage ƙarfin fitila da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, domin murjanin da ya rasa gansakukarsa ya rasa inuwarsa, sannan bayan ya fara samun launi ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Ka ciyar da shi garin abincin murjani sau biyu ko uku a mako da dare, ɗan kaɗan, ka fesa a hankali da sirinji bayan ka rage gudun ruwa na minti goma. Tsirarun ƙwayoyin gansakukar da suka rage a jikinsa su ne za su hayayyafa su cika shi, kuma wannan yakan ɗauki makonni da yawa, wani lokaci wata biyu ko uku. Launin farko da zai dawo ruwan ƙasa ne maras kyan gani, amma shi ne albishir.

Sarcophyton ba ya ba ni tsoro. Al'adarsa ce idan an dame shi ya janye yatsunsa, ya lulluɓe kansa da wata fata mai sheƙi kamar kakin zuma, ya yi kwanaki haka, sannan ya saɓule ta ya buɗe. Ka ƙara masa motsin ruwa domin fatar ta fita, ka kwashe ta idan ta saɓule. Abin da zai sa ka damu shi ne baƙin tabo mai narkewa idan an taɓa, ko gindi mai ruɓewa. Sai dai irin wannan murjani yakan saki sinadarai masu cutar da masu ƙashi kamar Acropora idan yana cikin damuwa, don haka ka sa sabon gawayin tace ruwa wanda aka ɗauraye sosai, ka canja shi bayan mako biyu.

Zoanthus ma galibi sukan buɗe da kansu idan ruwa ya daidaita, ka dai hure musu dattin da ya kwanta a kansu. Amma a nan dole in ja kunnenka saboda lafiyarka da ta iyalinka. Wasu daga cikin dangin nan, musamman Palythoa da ake yawan rikita su da Zoanthus, suna ɗauke da wata guba mai suna falitoksin, wadda aka fara tace ta daga murjanin Hawai a 1971, kuma tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. Tana shiga ta ciwon hannu, ta ido, ta baki, da ta numfashi. An sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka saboda wani ya zuba tafasasshen ruwa a kan dutsen da suke kai ko ya goge shi da burushi a cikin gida. Kada ka taɓa dutsen nan ba safar hannu da tabarau, kada ka tafasa shi, kada ka kankare shi a busasshe, kada yara su sa hannu. Idan bayan aiki a tanki ka ji ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, da zazzaɓi, da ciwon jiki, ko numfashi yana yi maka wuya, ka tafi asibiti ka gaya wa likita abin da ka taɓa.

Yanzu sai ruwan kansa, wanda shi ne asalin jinyar. Kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce "kamar yadda na saba". Idan ruwa ya ƙafe, ruwan ne kaɗai yake tashi, gishirin yana nan. Duk lokacin da lita biyar ta ƙafe daga lita 250 ka cika da ruwan gishiri, ka ƙara kashi biyu cikin ɗari a kan gishirin tankin, wato daga giram 35 a kowace lita zuwa kusan 35.7. Idan ka yi haka sau goma ba tare da canjin ruwa mai yawa a tsakani ba, ka kai wajen 42, ka wuce Bahar Maliya da ake misali da ita wajen gishiri. Mai yiwuwa murjaninka sun daɗe a galabaice kafin daren ɗauke wutar, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwa maras gishiri ake cika shi, wanda ya bi ta na'urar tacewa ta RO, kuma ma'aunin dattin ruwa ya nuna sifiri ko kusa da shi. Ruwan famfo yana da kulorin, na burtsatse yana iya zuwa da ƙarfe da naitiret, ruwan leda kuwa ba ka da tabbacin abin da ke cikinsa. Ka auna gishirin da rifiraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa, wadda ka daidaita ta da ruwan gwaji na 35, abin da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa da ke jikinta, wato kusan gishirin 35 ɗin nan. Idan ka tarar ya haura, ka sauko da shi da 0.001 kacal a kowace rana, ta hanyar ɗebe ruwan tanki kaɗan kana mayar da tatacce.

Garin alkaliniti kuma, idan irin bakin-soda ne, kimanin giram bakwai da rabi ke ɗaga lita 250 da maki ɗaya a dKH, ma'aunin da ake auna alkaliniti da shi. Babban cokali biyu ya kai wajen giram 30, ka ga maki huɗu ke nan a tashi ɗaya, idan kuma garin mai ƙarfi ne ya fi haka, alhali ƙa'idar da masu kiwo suka yarda da ita ita ce kada canjin ya wuce maki ɗaya a yini. Ruwan teku yana wajen 7, tankunan gida sukan zauna lafiya tsakanin 7 da 11, kuma tsayawa a lamba ɗaya ya fi wa murjani amfani a kan kowace lamba ta musamman. Kada ka nemi wani sinadari na sauko da shi, garin neman gira a rasa ido. Ka daina ƙarawa, ka auna kullum a lokaci ɗaya, ka bar shi ya sauko da kansa. Ka sani kuma murjani maras lafiya ba ya gina ƙashi, saboda haka abin da yake sha ya ragu, adadin da ka saba zubawa a da zai yi yawa yanzu. Kalsiyam ya kasance tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, maganiziyam 1250 zuwa 1350, amma waɗannan ba su ne matsalarka ta wannan makon ba. Abin da za ka auna yau shi ne amoniya, domin bakteriyar da ke tace ƙazanta ma takan mutu idan ruwa ya tsaya, kuma dole ta nuna sifiri. Naitiret da fosfet kuwa kada ka kore su ƙurmus: ɗan naitiret tsakanin 2 da 10 da fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 abinci ne ga gansakukar da kake so ta dawo.

Canjin ruwa yana da amfani idan an yi shi da awo. Ka haɗa sabon ruwa da gishirin teku na musamman, ka bar famfo yana juya shi kwana guda, ka daidaita zafinsa da na tanki, ka canja kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ka maimaita bayan kwana biyu ko uku, har sau uku ko huɗu. Canja shi duka a lokaci guda girgiza ce ta uku bayan ta zafi da ta alkaliniti. Lokacin da za ka canja kashi 30 ko fiye a tashi ɗaya shi ne idan amoniya ta bayyana ko wata guba ta shiga ruwan.

Maganin kifi mai shuɗi yawanci ɗayan biyu ne: ko mai ɗauke da jan ƙarfe, ko rinin metilin. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon-koɗi ko da ɗan mitsitsi ne, yana kuma shiga cikin duwatsu ya riƙa fitowa daga baya, har tankin ya zama ba ya karɓar murjani. Rinin kuma yana raunana bakteriyar tace ruwa. Za ka ji wasu suna ba da shawarar zuba maganin kashe bakteriya na mutane a tanki. Gaskiya ne masana a Fulorida suna shafa man amoksisilin a kan raunin murjanin teku domin yaƙar cutar zubewar tsoka da ta ɓulla can a 2014, amma wannan aikin ƙwararru ne a kan wata cuta takamaimai, ana shafawa ne a kan rauni kaɗai. Ban ba ka shawarar ka zuba irinsa a tankin falo ba, domin zai taɓa bakteriyar da rayuwar tankin ta dogara da ita, ruwan da za ka zubar daga baya kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su koyi jure magani.

Ba ka ce komai a kan Montipora ba, ina fatan lafiya yake. Tun da za ka haska tocila da dare, ka leƙa ƙarƙashin faifansa ko za ka ga wasu fararen halittu masu gashi-gashi, tsawonsu bai wuce ƙwayar shinkafa ba, suna cin gefensa. A gindin Acropora kuma ka duba ko akwai ƙananan tabo zagayayyu kamar an ciccije shi, da tarin ƙwai masu ruwan ƙasa a kan mataccen ƙashi, alamar wata tsutsa mai faɗi ke nan wadda launinta ya saje da na murjanin. Ban zaci su ne suka jawo wannan ba, tun da ciwon ya biyo bayan ɗauke wuta kai tsaye, amma idan ka gan su, tsomawa tana kashe manyan ne kawai, ƙwan sai an kankare, a kuma maimaita tsomawar mako-mako har wajen mako shida.

Abin da ya rage shi ne dare irin wancan zai sake zuwa, kuma murjanin da ya ƙoɗe ba zai jure na biyu ba. Famfon da ke kaɗa ruwa a cikin tanki wuta kaɗan yake ci, sau da yawa ƙasa da wat 20, don haka ka ware masa batir nasa shi kaɗai wanda firji da talabijin ba sa ja daga gare shi, ka kuma ajiye ƙaramar na'urar busa iska mai aiki da batir, irin wadda ke tashi da kanta idan wuta ta ɗauke. Fitila tana iya kwana biyu ko uku a kashe ba tare da wata illa ba, motsin ruwa ne ba ya jira. Domin zafi, ƙaramar fanka mai hura saman ruwa takan rage digiri ɗaya zuwa biyu, ta fi aiki idan iska a bushe take, amma tana ƙara ƙafewa, sai ka riƙa cikawa da tataccen ruwa kullum. Ka daskarar da tataccen ruwa a gorunan roba masu murfi ka ajiye a firiza, ranar da zafi ya haura 28 ka sa ɗaya ta yi iyo a tankin, kana duba ma'auni domin ya sauka a hankali. Idan ɗakin ba ya samun sanyi a watannin Maris da Afrilu, na'urar sanyaya ruwan tanki ta fi sabon murjani cancantar kuɗinka, kuma ina ganin ya dace ka dakatar da sayen wani Acropora har sai ka ga tankin ya ƙetare bazara guda bai wuce digiri 27 ba. Ka kuma gaya wa mutanen gida cewa maganin sauro na feshi guba ne mai ƙarfi ga halittun ruwa, kada a fesa shi a falon, kuma duk wanda zai sa hannu a ruwan ya wanke mai da turare da sabulu daga hannunsa tukuna.

Bayan mako biyu ka sake rubuto mini da lambobin gishiri da alkaliniti da zafi na kowace rana, da hotunan Acropora na safe da yamma, ka kuma gaya mini ko kawuna huɗun Euphyllia sun fara kumbura suna rufe ƙashinsu da rana. Allah ya ba su lafiya.